Yadda Ake Zaɓen Burauza da Ƙananan Manhajojin da Ake Liƙa Mata

Na daɗe ina saita wa mutane kwamfuta da waya, tun daga 'yan'uwa da maƙwabta har ɗaliban da ke kawo min laftof ɗin gwanjo suna cewa ta yi nauyi. Sau da yawa idan na duba, injin lafiyarsa ƙalau. Burauzar ce aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta: ƙananan manhajoji goma sha biyar, rabinsu mai kwamfutar bai san ranar da suka shigo ba, ga tab talatin, wato shafuka, a buɗe. Abin da zan nuna maka a nan shi ne yadda nake yi idan aka kawo min na'ura, daga zaɓen burauza har zuwa ɗan abin da za a ƙara mata.

Burauza ita ce manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita. Ekstenshan kuwa ƙaramar manhaja ce da ake liƙa mata don ta ƙara wani aiki, kamar toshe talla ko riƙe kalmomin sirri.

Kayan da za ka tanada

Na'urarka da isasshen caji, don kada wuta ta ɗauke ana tsakar aiki. Data kamar rabin gigabait, ta isa ka sauke burauza biyu. Adireshin imel wanda kake iya shiga yanzu, ba wanda ka manta kalmar sirrinsa ba. Filash, idan da hali. Sai ɗan littafi da biro, za ka ga amfaninsu a gaba.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tukuna

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke cikinsu uku ne. Chrome da Edge da Brave da Opera da Vivaldi da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su, kamar motocin da jikinsu ya bambanta amma injinsu ɗaya. Firefox tana da nata injin, Gecko. Safari ta Apple tana aiki da WebKit. Amfanin sanin wannan: idan shafi ya ƙi buɗewa a Chrome, gwada shi a Edge ba kasafai yake canza komai ba, Firefox za ka gwada. A iPhone kuma, a ƙasashenmu, kowace burauza ka sauke WebKit ne a cikinta, suna da ado ne kawai suka bambanta.

Mataki na 1: Duba ƙarfin na'urarka

A Windows ka shiga Settings, sai System, sai About. Rubuta abu biyu a littafinka: yawan RAM, wato ma'ajiyar da na'ura ke riƙe aikin da take yi a lokacin, da nau'in Windows ɗin. A waya ka duba About phone.

Idan Windows 7 ko 8.1 gare ka, ka sani Chrome da Edge sun tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba a ƙara toshe musu ɓarakar tsaro. Firefox ESR 115 ce ta ci gaba da samun gyara bayan su, ita za ka sa, amma kada ka shiga banki a irin wannan kwamfutar. Internet Explorer kuwa Microsoft ta yi mata ritaya a watan Yuni 2022, ka bar ta ta huta.

RAM mai gigabait 4 zai ɗauki kowace burauza muddin ba ka tara tab ba. Daga 8 zuwa sama ba ka da damuwa.

Mataki na 2: Zaɓi babba ɗaya da mataimakiya ɗaya

Kullum burauza biyu nake sa wa mutum, masu inji daban. Ɗaya ta yau da kullum, ɗaya ta ranar da waccan ta ƙi.

Chrome ta fito a 2008, kuma ita mafi yawan mutane ke amfani da ita, shi ya sa masu gina shafukan rajistar jarrabawa da biyan kuɗin makaranta da neman aiki suka fi gwada aikinsu a kanta. Idan harkarka duk Gmail ce da Google Drive, za ta yi maka daɗi. Sai dai tana da cin RAM, kuma kamfanin da ya yi ta, Google, da talla yake samun yawancin kuɗinsa. Ka riƙe wannan, zai dawo a mataki na 7.

Edge tana zuwa da Windows 10 da 11, ba sai ka kashe data ba. Tun Janairu 2020 ta koma kan Chromium, don haka duk shafin da Chrome ta buɗe ita ma za ta buɗe. Tana sa tab ɗin da ka daɗe ba ka taɓa ba ya yi barci, kuma tana da kyau wajen karanta PDF, har rubutu kana iya yi a kai. Mutane na raina ta saboda tsohuwar tsanar Internet Explorer, amma a kwamfuta mai RAM 4 ita nake bari.

Firefox ta Mozilla ce, tun 2004 take. Ita ce tawa ta kullum, saboda dalilai biyu: mai toshe talla mafi ƙarfi yana aiki a cikinta gaba ɗaya, kuma ta Android ɗinta tana karɓar ekstenshan, abin da Chrome ta waya ba ta yi. Aibinta shi ne wani lokaci za ka ci karo da shafin da ba a gwada a kanta ba, wani maɓalli ya ƙi dannuwa.

Brave, wadda Brendan Eich mai ƙirƙiro JavaScript ya kafa, tana zuwa da toshe talla a jikinta. Ita nake sa wa iyaye da duk wanda ba ya son saite-saite. Tana da wani ɓangare na kirifto da lada, ka ɓoye shi a saiti idan ba ruwanka da shi.

Opera Mini ta waya mai ƙaramin ƙarfi ce da wurin da sabis ke da rauni. Shafin yakan bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso wayarka, shi ya sa data ke auki. Saboda wannan ratsen ne ba na shiga banki da ita, kuma fom mai rikitarwa yakan karye idan an sa matsewar a matakin ƙarshe. Chrome ta taɓa yin irin wannan tsarin rage data, amma ta cire shi a 2022, kada ka ɓata lokaci kana nemansa.

Mai Mac ko iPhone ya zauna da Safari, ta fi tausaya wa batir.

In ka rasa ta cewa: Firefox babba, Chrome ko Edge mataimakiya. In yawan aikinka cike fom ne a shafukan hukumomi, ka juya lissafin.

Mataki na 3: Sauke ta daga gidanta

Rubuta adireshin da hannunka: google.com/chrome, firefox.com, brave.com, opera.com. Kada ka rubuta sunan a wurin bincike ka danna abin da ya fara fitowa, domin na saman sau da yawa talla ne, kuma 'yan damfara sukan sayi wannan gurbin su kai ka shafi mai kama da na gaskiya. A waya, Play Store ko App Store kaɗai, ka kuma duba sunan kamfanin da ke ƙasan manhajar. Fayil ɗin APK da aboki ya turo maka ta Xender ba ka san hannu nawa ya bi ba.

Ƙaramin fayil ɗin da kake fara saukewa ba shi ne burauzar ba, shi ne zai jawo ta daga intanet. Idan sabis ɗinka na yankewa, nemi cikakken fayil wanda ake girkawa ba tare da intanet ba. Chrome da Firefox duk suna da shi a shafukansu. Sauke shi inda sabis ke da ƙarfi, zuba a filash, ka girka a gida.

Lokacin girka kowace manhaja ta kyauta, karanta kowane allo kafin ka danna Next. Ta nan ne baƙin burauza da baƙin injin bincike suke shigowa, da ɗan akwatin da aka riga aka yi maka tik a ciki.

Mataki na 4: Kwaso kayanka daga tsohuwar

Da ka buɗe sabuwar za ta tambaye ka ko ta ɗauko alamomin shafuka da tarihi da kalmomin sirri daga tsohuwar. Amince. In ba ta tambaya ba, ko kwamfuta ka canza, danna Ctrl da Shift da O a tsohuwar, fitar da alamomin a fayil ɗin HTML, ka shigar da shi a sabuwar. Ajiye kwafi a filash.

Gargaɗi: idan ka fitar da kalmomin sirri, fayil ɗin CSV ne, a buɗe yake, duk wanda ya danna zai karanta su ɗaya bayan ɗaya. Da ka gama shigarwa goge shi, ka goge daga kwandon shara.

Sai ka buɗe asusun daidaitawa da imel ɗinka, don abin da ke kwamfuta ya bayyana a waya. A na'urarka ta kanka kawai. Na taɓa karɓar kwamfutar wani shago in gyara, na tarar da asusun wani kwastoma a buɗe a burauzar da kalmomin sirrinsa duka, wata uku bayan ya tafi.

Mataki na 5: Gyara saiti kafin ka sa ko da ekstenshan ɗaya

Rabin abin da mutane ke sauke ekstenshan dominsa yana cikin burauzar tun asali.

Fara da sanarwa. Shafuka da yawa sukan tambaye ka izinin turo sanarwa, wasu har da ƙaryar cewa sai ka danna Allow bidiyo zai buɗe. Ka danna, daga ranar sai tallan caca da hotunan banza su riƙa faɗowa a gefen allo, har da saƙon ƙarya cewa kwamfutarka ta kamu da cuta. Ba cuta ba ce, izini ne ka bayar. Shiga saitin shafuka, wurin Notifications, goge duk sunan da ba ka sani ba, ka hana a ƙara tambayarka.

Sannan ka kunna tilasta HTTPS, wato tsarin da ke ɓoye bayanan da ke wucewa tsakaninka da shafi, a ɓangaren tsaro. Da akwai ekstenshan na musamman don wannan, HTTPS Everywhere, amma an daina shi a 2023 tunda kowace burauza tana yi da kanta. A Chrome kunna Memory Saver, mai rage cin RAM, ka kashe Preload pages, wanda ke jawo shafukan da ba ka ma danna ba da datarka. A Edge kashe labaran da ke cika sabon tab. A Firefox hana bidiyo tashi da kansa.

Fassara ma tana nan: Chrome na iya juya shafi zuwa Hausa ta Google Translate. Hausar takan yi tuntuɓe, amma za ka gane inda zancen ya dosa. Don karanta dogon rubutu ba tare da tarkacen gefe ba, danna F9 a Firefox ko Edge.

Mataki na 6: Koyi tantance ekstenshan

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Yawancin ekstenshan sukan nemi izinin karantawa da canza bayananka a duk shafukan da ka shiga. Ma'anarsa a fili take: zai iya ganin abin da ka rubuta a imel, da lambar da ka shigar a shafin banki. Baƙo ne ka miƙa wa makullin ɗakinka. Wani dole ne ya samu wannan izinin kafin ya yi aiki, kamar mai toshe talla. Amma ekstenshan ɗin da aikinsa canza hoton sabon tab ne, me ya kai shi neman karanta komai?

Ko na kirki yana iya lalacewa. The Great Suspender yana da masu amfani sama da miliyan biyu, mai shi ya sayar da shi a 2020, sabon mai shi ya cusa masa mugun abu, Google ta cire shi a Fabrairu 2021. Stylish, na canza kamannin shafuka, an kama shi a 2018 yana tattara tarihin shafukan da mutane ke shiga, Google da Mozilla suka fitar da shi daga rumbunansu. Mutanen da suka sa su ba su yi kuskuren komai ba ranar da suka sa su. Ekstenshan yana sabunta kansa a ɓoye, shi ya sa ƙarancinsu ya fi yawansu aminci.

Kafin ka danna Add, duba waɗannan:

1. Daga rumbun gaskiya yake? Chrome Web Store ga Chrome da Brave da Vivaldi, addons.mozilla.org ga Firefox. Edge tana da nata rumbun, tana kuma karɓar na Chrome.
2. Sunan wanda ya yi shi. Masu kwaikwayo sukan ɗauki suna da tambari su canza harafi ɗaya.
3. Yawan masu amfani da ranar da aka sabunta shi ƙarshe.
4. Ra'ayoyin masu tauraro ɗaya, na baya-bayan nan. Can ne ake fara jin ƙishin-ƙishin idan abu ya lalace. Yabo ana sayensa.
5. Izinin da yake nema, ya yi daidai da aikinsa?

A Firefox akwai alamar Recommended, wadda ke nuna ma'aikatan Mozilla sun bincika shi. A Chrome kuma kana iya rage wa ekstenshan iko: shiga Details, wurin Site access, ka zaɓi ya yi aiki sai ka danna shi kawai.

Mataki na 7: Sa waɗanda suka cancanta, ɗaya bayan ɗaya

Na farko uBlock Origin, na Raymond Hill. Duba wannan sunan da kyau, domin akwai masu suna kusa da nasa waɗanda ba nasa ba. Yana toshe talla da masu bin sawunka da maɓallan Download na ƙarya, shafi ya buɗe da sauri, data ta rage zuba. Ba ya buƙatar saiti. Ga inda maganar Chrome ta dawo: Google ta canza dokokin ekstenshan zuwa tsarin da ake kira Manifest V3, daga ƙarshen 2024 ta fara kashe cikakken uBlock Origin a Chrome. A can sai dai ka sa ƙaninsa, uBlock Origin Lite, na mutum ɗaya ne, yana aiki amma bai kai yayansa ba. Cikakken yana Firefox, ta kwamfuta da ta Android. Mai Brave ba ya buƙatar ko ɗaya.

Kada ka haɗa masu toshe talla biyu. Ba ƙarfi suke ƙarawa ba, karo suke yi da juna su karya shafi. Wani abu kuma: jaridun Hausa da kake karantawa kyauta da tallan nan suke biyan ma'aikata. Shafin da kake ƙauna kuma tallansa ba ya wuce gona da iri, danna tambarin uBlock, danna babban maɓallin kashewa, zai bar wannan shafin kaɗai.

Na biyu Bitwarden, ma'ajiyar kalmomin sirri, kyauta ce. Burauza ma tana ajiye su, amma wannan tana binka duk burauzar da ka koma da duk wayar da ka canza, tana kuma ƙirƙiro maka kalma mai wuya ga kowane shafi, ka huta da sa sunan ɗanka da shekarar haihuwa a ko'ina. Kalma ɗaya za ka haddace, babbar. Ɗauko littafin nan ka rubuta ta, ka ɓoye inda kake ɓoye takardun gida. Idan ta ɓace, kamfanin kansa ba zai iya buɗe maka ba.

Waɗannan biyun sun ishi yawancin mutane. Sauran sai da buƙata. SingleFile yana ajiye shafi sukutum da hotunansa a fayil ɗaya, ka karanta ba data, ɗalibai da masu bincike za su ji daɗinsa. Ni har shaidar biyan kuɗi nake ajiyewa da shi. Dark Reader yana mai da farin shafi baƙi don karatun dare, sai dai yana ɗan nauyaya tsohuwar kwamfuta. Firefox Multi-Account Containers yana ba ka damar buɗe asusu biyu na shafi ɗaya a lokaci guda, na kasuwanci da na kanka, ba tare da sun cakuɗe ba. A Chrome da Edge sai ka buɗe furofayil na biyu, aikin ɗaya ne.

Waɗanda ba na sa wa kowa: VPN (manhajar da ke ɓoye inda kake shiga intanet) na kyauta da ba a san mai shi ba, tunda duk zirga-zirgarka ta hannunsa za ta bi; masu alkawarin ƙara saurin intanet, wanda ba aikin ekstenshan ba ne; masu cewa za su nuna maka wanda ya leƙa shafinka na Facebook, ƙarya ce; da yawancin masu sauke bidiyo.

Bayan kowane ɗaya, buɗe shafukan da ka saba shiga ka gani kafin ka sa na gaba. In ka zuba biyar lokaci guda abu ya lalace, ba za ka san mai laifin ba.

Mataki na 8: Gwaji da gano matsala

Yi mako guda kana aiki da ita kafin ka yanke hukunci. Idan shafi ya ƙi, buɗe shi a tagar sirri: Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge, Ctrl da Shift da P a Firefox. Ekstenshan ba sa aiki a can sai ka ba su izini, don haka in shafin ya buɗe, ɗayansu ne. Rubuta chrome://extensions ko edge://extensions ko about:addons a wurin adireshi, ka riƙa kashe su ɗaya-ɗaya har ka kama shi. In bai buɗe a tagar sirri ba, ɗauko mataimakiya. Ranar biyan kuɗi ko cike fom mai muhimmanci ma, da mataimakiyar nake yi tun farko, wadda ban sa mata komai ba, don mai toshe talla yakan hana tagar biyan kuɗi fitowa.

Idan nauyi ne, danna Shift da Esc, za ka ga tab ko ekstenshan ɗin da ke shanye RAM. Idan injin bincikenka ya canza da kansa, ko shafuka na buɗe kansu, cire duk ekstenshan ɗin da ba ka gane ba, sannan ka yi Reset settings a Chrome ko Refresh Firefox. Alamominka da kalmomin sirrinka ba za su ɓace ba. Tab ɗin da ka rufe bisa kuskure kuwa, Ctrl da Shift da T zai dawo da shi.

Duk bayan wata uku ka leƙa jerin, wanda ba ka taɓa ba ka cire shi, kashewa kaɗai ba ta isa ba. Idan ka ga alamar sabuntawa a kusurwar sama, rufe burauzar ka sake buɗewa, domin gyaran tsaro ba ya kama aiki sai an yi haka.

Wanda ba shi da kwamfutar kansa, a kafe yake aiki, matakai na 4 da 7 ba nasa ba ne. Ya buɗe tagar sirri ko yanayin Guest na Chrome, kada ya yarda burauzar ta ajiye kalmar sirri, ya fita daga asusunsa, ya rufe tagar gaba ɗaya kafin ya tashi. Tagar sirri a kwamfutar kawai take goge sawunka, ba ta ɓoye ka daga mai kafe ko kamfanin layi. Fayil ɗin da ka sauke ma yana nan a Downloads, kwafe shi a filash ɗinka ka goge na kwamfutar.